Injina na yankan ciyawa yana zubar da fetur, in ya tashi kuma sai hawa da sauka

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da damina.

Taimakon masu sanin inji nake nema. A Aboabo nake zaune nan Kumasi, sana'ata yankan ciyawa da gyaran furanni a gidajen mutane. Gida 9 nake zagayawa tsakanin Ahodwo, Nhyiaeso da Danyame, sai filin wata makarantar yara da nake yi sau biyu a wata. Shekara 6 da adda na yi wannan aikin, ƙuguna ne shaida. Bara Allah Ya nufa na kwashi adashi, wanda mutanen nan ke kira susu, na haɗa da ɗan abin da na tara na sayi injin turawa, cikin irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema an riga an more su a Turai. Kan injin Honda ne, GCV160 aka rubuta a jikinsa. Duk daminar bara ja ɗaya ko biyu yake tashi.

Da hunturu ya shigo a Disamba ciyawa ta daina tsiro, sai na tura shi soron gidanmu na rufe da buhu. Akwai kusan rabin tanki na fetur a ciki, ban kawo a raina cewa sai an juye ba. Bai sake ganin rana ba sai ƙarshen Maris da ruwa ya sauka, masu gidaje suka fara kira.

Tun daga nan abu biyu ke damuna. In ya kwana, da safe soron gaba ɗaya warin fetur yake yi, har maiɗakina ta hana yara wasa a wurin. Ƙasan injin a jiƙe, matatar iska ta takarda ita ma sharkaf. Sai na ja igiya sau 15 ko 20 bai ce uffan ba. In na kwance fulogi na same shi baƙi, a jiƙe. Na goge, na mayar, da kyar ya kama, da baƙin hayaƙi kamar ana ƙona taya.

Na biyu, in ya kama ɗin ba ya tsayawa a murya ɗaya. Ya hau, ya sauka, ya hau, ya sauka, kamar mai haki bayan gudu. Akwai wani ɗan ƙarfe a gefen kafireta, wato abin da ke haɗa fetur da iska, ina kallonsa yana kai da komo shi kaɗai. Abin da ya ɗaure min kai, in na shiga ciyawa mai kauri sai ya ɗan daidaita, ina fitowa fili ya koma hakinsa.

Na kai wa wani yaro mai gyaran janareta a unguwarmu. Ya sa sabon fulogi, ya lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da wani sifirin, ya ce ya ƙara masa wuta. Yanzu ƙara ta ƙaru har hannun yana girgiza ni, hawa da saukar kuma tana nan. Jiya kuma na zaro sandar baƙin mai na ga man ya wuce alama, alhali ban ƙara ko ɗigo ba, ya yi tsararo kamar shayin da ba madara.

Uwargidan wani gida a Danyame ta riga ta kira ni sau biyu. Wannan injin shi ne jarina kaf, da shi nake biyan kuɗin makarantar yara uku. Don Allah wanda ya san ciwon ya faɗa min: gyara zan yi, ko kafireta ta mutu ke nan?

Mai Pragya, Asawase:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya kawo sauƙi. Ni dai shawarata kada ka wahalar da kanka, ka kwance kafiretar ka riƙe ta a hannu ka shiga Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan gyara, ka nuna wa masu kayan janareta da injin ban ruwa su ba ka irinta sabuwa. Na Sin suna nan, ba su da tsada sosai. Haka na yi da janaretata lokacin dumsor, wato zamanin yawan ɗauke wuta, na huta.

Tsohon Fita, Suame:

Salamu alaikum. Ɗana na Aboabo, kafin komai: kada ka sake tayar da injin nan sai ka juye baƙin man da ke cikinsa. Wannan ƙaruwar da ka gani a sanda fetur ne. Ya cika kafireta, ya gangara cikin silinda, ya silale ta gefen fistan ya sauka cikin baƙin mai. Man da fetur ya tsinka ba ya riƙe ƙarfe. Kafireta abin kuɗi kaɗan ce, amma in fistan da karanshaf suka ci juna, sai dai ka sayar da injin wa masu awon ƙarfe. Injin irin naka kusan rabin lita na baƙin mai yake sha, SAE 30 ko 10W-30, ka zuba kaɗan kaɗan kana duba sanda.

Shekara 30 da wani abu ina wannan aiki a Magazine, kuma duk farkon damina sai an kawo min irin naka. Ciwo biyu ne a jikinsa, kuma kishiyoyin juna ne, shi ya sa ya rikita ka. In yana ajiye, mai ya yi masa yawa. In yana aiki, mai ya yi masa kaɗan. Amma uwarsu ɗaya, wato fetur ɗin da ya yi wata uku a ciki. Fetur in ya wuce kamar wata guda a ajiye yakan fara lalacewa, mai ƙarfin cikinsa ya tashi, ya bar wani danƙo ja-ja kamar ƙaro. Wannan danƙon shi ne ya hana ƙofa ɗaya rufuwa, ya kuma toshe ɗaya.

Bari in fara da zubar, abin da muke kira obafulo. A ƙasan kafireta akwai ɗan kwano. Cikinsa akwai fulota ta roba mai iyo, da allura mai bakin roba a jikinta. Ka san tankin ruwan bayan gida na zamani, yadda ƙwallon nan ke tashi ya rufe ruwa in ya cika? To haka take aiki. Mai ya cika kwano, fulota ta taso, allura ta toshe ƙofar. Ƙwayar yashi ɗaya in ta zauna a mazaunin allurar, ko bakin robar ya yi zobe saboda tsufa, ko fulota ta huje ta sha mai ta nutse, ƙofa ba za ta rufu ba. Tankinka kuma yana sama da kafireta, don haka duk dare mai yana ɗiga.

Ga yadda za ka yi. Ka cire wayar fulogi tukuna, ka kawar da ita gefe, wuƙar nan ba ta san mai ita ba. Ka yi aikin a fili, nesa da murhu da mai shan taba. Rufe famfon mai da ke jikin tiyo. Sufana lamba 10 ita ce kusan duk aikin Honda: da ita za ka kwance dogayen notocin da suka ratsa gidan matatar iska suka riƙe kafireta, da ita za ka kwance notin kwano. Kafin ka zare komai ka ɗauki hoto da wayarka, musamman jerin gasket ɗin, wato siraran faifan da ke hana yoyo a mahaɗa, da inda sandar gwamna (ɗan ƙarfen nan mai kai da komo) da siririn sifirinta suka maƙale. Gasket ɗin GCV suna da yawa, kowanne da fuskarsa da ƙananan hujojinsa, wanda ya juya ɗaya baibai zai kwana yana jan igiya.

Ka juye abin da ke cikin kwano a farar roba ka duba. Ruwa yakan kwanta a ƙasa dunƙule dunƙule, tsatsa kuma ja take fitowa. Zare fil ɗin fulota, ka girgiza ta kusa da kunnenka. In ka ji motsin ruwa ciki, ta huje, a sake ta. Duba bakin allura a hasken rana. In ya yi zobe ko ya taurare, ita ma a sake. Mazauninta kuwa ka goge da auduga a kan tsinke, da feshin wanke kafireta, har ya yi ƙyalli. In ka mayar da su, ga gwajin da ba ya ƙarya: sa ɗan tiyo mai tsabta a bakin shigar mai, ka kifa kafiretar fulota tana sama, ka hura. Iska kada ta wuce. Ka daidaita ta yadda take zama a inji, ka sake hurawa, yanzu ta wuce. In ta wuce a kife, ba ka gama ba.

Sai hakin. Wancan ƙarfen da kake gani yana kai da komo sandar gwamna ce, kuma ba ita ce mai laifi ba. Aikinta ta riƙe injin a gudu ɗaya, wajen juyi 3000 a minti. In mai ya gaza, inji ya yi sanyi, sai ta buɗe maƙogwaron kafireta, inji ya zabura ya wuce kima, sai ta rufe, mai ya sake gazawa. Haka za su yi ta yi. Ita tana ƙoƙarin ceto ne. Yaron da ya lanƙwasa maƙalin sifirin gyaran gangar Auzinawa ya yi maka, ban ce da mugunta ba, haka da yawa suka koya. Amma injin ciyawa ba janareta ba ne, wuƙa yake juyawa. In gudu ya wuce ƙa'ida, tsakuwa ɗaya ta isa ta fasa gilashin motar mai gida ko idon yaro.

Ka ce a cikin ciyawa mai kauri yana daidaita. Wannan maganar ita ta nuna min inda ciwon yake. Jet biyu ne a kafiretarka. Babban yana tsakiyar bututun da notin kwano ke shiga, na tagulla ne, shi ke ciyar da inji in aiki ya yi nauyi. Ƙaramin, na silo, shi ke riƙe shi in ba nauyi. Naka ƙaramin ne ya toshe. A irin injinka yana ɓoye a bayan wani sukuru a saman kafireta, sai ka cire baƙin sukurun roba na silo kafin ka kai gare shi. Ka ƙirga juyi nawa ka kwance baƙin, don ka mayar daidai. Hujin ya fi bakin allurar ɗinki ƙanƙanta. Ka samu tsohuwar wayar lantarki ka zaro silin tagulla ɗaya, da shi za ka zura, sannan ka fesa har ka ga feshin ya fito cikin maƙogwaro. Kada ka sa allurar ɗinki ko ƙusa. Ƙarfe ya fi tagulla tauri, in ka faɗaɗa hujin ba ya komawa, injin zai riƙa shan mai yana hayaƙi har abada. Babban jet ma ka kwance shi da sukudireba mai faɗin da ya cika tsagar, siririn bututun da ke samansa zai faɗo, yana da ƙananan hujoji a jikinsa, kowanne ka ga haske ta cikinsa.

Maganar ɗan'uwanmu mai pragya ba laifi ba ce, akwai kafiretar da ruwa ya cinye cikinta ta yi farin gari, wannan sai sabuwa. Amma ta asalin da ke jikin Honda in ta wanku ta fi yawancin na kwali da ake sayarwa. Kuma ko sabuwa ka ɗaura a kan tanki mai datti, mako biyu ka dawo inda kake.

Ɗan Aboabo:

Baba, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma. Wallahi jikina ya yi sanyi da na karanta maganar baƙin mai, don jiya ma sai da na yi awa biyu da shi a Ahodwo. Na juye yanzu, warin fetur ne zalla. Famfon mai kuwa na gan shi, ban taɓa rufe shi ba tun da na sayi injin, na ɗauka na masu gyara ne.

Tambaya ɗaya Baba. Kafin in kwance, akwai yadda zan tabbatar ƙarancin mai ne ke kawo hakin ba wani abu ba? Ina tsoron in wargaza abin da ba zan iya haɗawa ba.

Tsohon Fita, Suame:

Akwai, ɗana. Bayan ka zuba sabon baƙin mai, ka cire fulogi, ka nisantar da wayarsa daga ramin, ka ja igiya sau biyar shida don man da ya taru a silinda ya fita. Busar da fulogin, tsakanin bakinsa ya zama milimita 0.7 zuwa 0.8. Jiƙaƙƙiyar matatar takarda ta gama aiki, a sayi wata. In ya tashi ya fara haki, ka ja cok rabi. Cok yana rage iska ne. In murya ta daidaita nan take, to magana ta ƙare, mai ne ya gaza.

Amma ƙarancin mai ba daga jet kaɗai yake zuwa ba. Sassauta murfin tanki injin yana cikin aiki. In ya daidaita, hujin numfashin murfin ne ya toshe, ƙurar hunturu takan yi haka. Sai gasket da ke tsakanin kafireta da inji. In ya tsage, iskar da ba a gayyata ba tana shiga ta bayan fage, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duba shi da kyau in ka kwance, in ka ga tsaga ko ya manne ya yage, kada ka shafa gam, ka sayi sabo. Gwamna kuwa kada ka taɓa da kanka. In ka gama ka kai wa mai agogon auna juyin inji ya mayar maka da shi, aikin minti biyar ne.

Hajiya Mai Haya, Madina:

Sallama gare ku mutanen Kumasi, daga Accra nake. Ni ba makanikiya ba ce, amma inji huɗu nake bayarwa haya ga samarin da ke yankan ciyawa a East Legon da Adenta, don haka na sha wannan ciwon kai. Baba ya gama magana a kan cikin kafireta. Ni tambayata ƙanena: a cikin me kake sayen fetur, kuma yaya kake ɗaukar injin zuwa wurin aiki?

Dalilin tambayar, akwai shekarar da kusan duk wata sai na kai inji Abossey Okai, kasuwar kayan gyara ta nan Accra, a wanke, ya dawo lafiya, kwana goma ya koma. Ashe yaran a galan ɗin Kufuor suke sayo mai, rawayan nan, wanda da safe an ɗebo ruwa da shi. Ɗan ruwan da ya rage a gindi shi ke tafiya tanki. Ran da na juye galan ɗin a kwalba na bar shi ya kwanta, da idona na ga ruwa yatsa guda a ƙasa. Tun ranar na ware galan ɗaya na fetur kaɗai, na ɗaura masa jan ƙyalle, kuma ba a zuba mai sai ta mazurari da tsumma mai tsabta a bakinsa. Wani yaron kuma ya taɓa zuba min gaurayen mai na injin saɓawa a kafaɗa, wanda ake haɗawa da baƙin mai. Wancan inji daban ne, naka fetur zalla yake sha.

Sai ɗauka. Masu aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, in ba ka tsaya a kansu ba, kwantar da injin suke yi ta kowane gefe don su samu wurin wasu kaya. In gefen matatar iska ya kalli ƙasa, baƙin mai da fetur duk cikinta suke gangarawa. A tsaye ake ɗaukarsa, famfon mai a rufe. In dole sai an karkata, ko don kankare ciyawar da ta manne a ƙasa, gefen matata ya kalli sama.

Dokata ga yarana ita ce, in an tashi aiki a rufe famfo injin yana kunne, a bar shi ya shanye na cikin kwano ya mutu da kansa. In hunturu ya zo kuma tanki a bushe nake ajiye su. Allah Ya ba da sa'a, ka riƙe gidajen nan naka da kyau, samun mai gida mai biya a kan lokaci ba wasa ba ne.

Ɗan Aboabo:

Jama'a na dawo da labari. Hajiya, kin taɓa inda yake min ciwo: galan ɗina na fetur shi ne dai wanda yara ke ɗauka in famfon unguwa ya ɗauke. Na canza shi.

Ranar Asabar bayan azahar na shimfiɗa farin buhu a tsakar gida, na jera komai a kai bi da bi yadda na cire, hoto bakwai na ɗauka. Da na buɗe kwano, gindinsa jan danƙo ne da wani abu kamar garin bulo, ga ruwa ya kai cokali guda. Fulota lafiyarta ƙalau, ba motsi a ciki. Allurar ce bakin robarta ya yi zobe, sai da na kai ta hasken rana na gani, siriri kamar an ɗaura mata zare. Da na yi gwajin hurawa a kife, iska tana wucewa sululu. Ƙaramin jet kuwa silin tagulla ya ƙi shiga sam, sai da na fesa na bar shi ya jiƙa, na sake gwadawa a hankali, can na ji ya faɗa. Gasket ɗaya ya yage a hannuna wajen cirewa.

Litinin da sassafe na shiga Magazine da tsohuwar allurar da yagaggen gasket a cikin leda. Shago na uku na samu irinsu, na haɗa da matatar iska da ɗan tiyo, don tsohon ya fara tsattsagewa daga ciki. Tankin ma na cire na ɗauraye da sabon fetur sau biyu, abin da ya fito ba kyan gani. Da na haɗa na sake hurawa a kife, ko kaɗan ba ta wuce ba. Na buɗe famfo na bar shi awa ɗaya a kan busasshen kwali, ba ɗigo. Ja na biyu ya tashi. Ya yi ɗan hayaƙi na minti biyu ya washe, sandar gwamna ta tsaya cak. Wani mai gyaran injin ban ruwa a Suame ya sa agogo ya mayar min da gudun, ya ce ya wuce ƙa'ida sosai, yanzu hannun ya daina girgiza ni.

Baba, abu ɗaya ya rage da nake so ka duba min. Baƙin man da na zuba kafin gyaran ya yi kwana biyu a ciki lokacin allurar tana ɗiga, duk da na riƙa rufe famfo. Na shinshina sandar, kamar akwai ɗan wari kaɗan. In sake juyewa ne, ko zai kai ni ƙarshen wata? Gobe in Allah Ya kai mu bayan asuba da gidan Danyame zan fara, ciyawar can ta kusa gwiwa.

Tsohon Fita, Suame:

Madalla ɗana, aikinka ya yi kyau. Juye shi yau da daddare, rabin lita ne. Ka ɗan tayar da injin minti uku man ya yi ɗumi, ya fi fita da datti. Ciyawar da ta kai gwiwa kuma kada ka shige ta da wuƙa a ƙasa, ɗaga tayoyin zuwa ramin ƙarshe ka bi sau ɗaya, sannan ka sauke ka sake bi. Ka jira raɓa ta bushe kafin ka fara.